Kyamarar Gwanjo da Bikin Baure

Matasan da ke zuwa shagona a fitar musu da hotunan waya sukan ce, "Baba Digiri, wai hoto ma sana'a ne? Ai dannawa ce kawai." Ba na musu da su, don wataƙila a wayarsu haka abin yake. Amma a lokacinmu, kafin yatsa ya kai ga dannawa akwai aiki mai yawa, kuma in ka ɓata ba za ka sani ba sai bayan kwanaki, lokacin da amarya ta riga ta tare, baƙi sun watse.

Ni ban taso da niyyar zama mai hoto ba. Digiri na yi a fannin labarin ƙasa, na yi bautar ƙasa, na dawo Daura ina jiran aiki, a shekarun farko da aka fara shari'a a jiharmu. Da jiran ya yi tsawo sai na shiga ajin Malam Ilu mai hoto, wanda yake koyarwa da yamma a bayan shagonsa kusa da tasha. Shi ya laƙa mini sunan Digiri, ya kuma bi ni har yau. Tun ranar farko ya gaya mana abu biyu. Idonsa ya fara gajiya, saboda haka wanda ya fi nuna ƙwazo a cikinmu zai ba shi kujera a shagon, mutum ɗaya tak. Sannan kowa ya zo da kyamararsa, kuma ba irin ƙananan nan da ake yawon sallah da su ba. Mai madubi a ciki yake nufi, wadda ake kwance mata ido a ɗaura wani, wadda abin da ka hango ta cikin gilashinta shi ne zai hau fim. Sabuwa ta fi ƙarfin ɗan abin da na taro a bautar ƙasa, nesa ba kusa ba. Sai ta gwanjo.

Kasuwar Mai'adua aka nuna mini. A can akwai wani Alhaji Ɗanjummai da ake kawo wa kaya daga tsallaken iyaka: rediyo, agogon bango, dutsen guga, injin aski, da wasu abubuwan da ina jin shi kansa bai san amfaninsu ba. A cikin wani daro, ƙarƙashin tarin wayoyin lantarki, ya zaro mini kyamarori uku.

Malam Ilu ya riga ya koya mana yadda ake duba ta hannu. Za ka buɗe bayanta, ka fuskanci sama, ka danna, ka ga ko labulen ciki yana buɗewa yana rufewa ba tare da ya maƙale ba. Za ka kwance idon ka ɗaga shi a haske, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, ba ta fita. Za ka shafa soson da ke bakin murfi, in ya narke yana bin yatsa, haske zai riƙa satar hanya ya ƙona fim. Za ka leƙa ramin batir ko ya yi kore. Sannan ka shinshina cikinta, don wadda ta daɗe a bakin teku warin danshi take yi.

Ina cikin wannan na ƙarshe Alhaji Ɗanjummai ya ce, "Malam, saya za ka yi ko shaƙa?"

Na ce, "Dubawa nake yi tukuna, Alhaji."

"Na ga kana dubawa da hanci. Ba turare ba ne."

Ranar ban saya ba. Kasuwa ta zagayo na koma, ban saya ba. Da na sake komawa, tun daga nesa na ji yana gaya wa mai takalma na kusa da shi, "Ga mai shinshina ya dawo." Biyu daga cikin kyamarorin na riga na cire su, ɗaya labulenta yana tsayawa a hanya, ɗaya fumfuna ta ci gilashinta. Ta ukun ce nake ta zagayawa. Na ɗora ta a ido, na juya wajen titi don in gwada zoben da ake murɗawa hoto ya fito tas. A daidai lokacin wasu masu babura ɗauke da jarkokin fetur na fasa-ƙwauri suna tahowa. Suna hango mutum sanye da riga mai aljihu ya saita musu baƙin abu, sai suka yi kwana a guje, ɗaya har ya yar da hularsa.

Alhaji Ɗanjummai ya yi tsalle ya danne mini hannu. "Sauke! Sauke abin nan, za ka tashi kasuwa. In gwaji kake so, duba sama, tsuntsaye ba su ɗauko komai ba."

Aibi ɗaya na samu a jikinta. Akwai wata 'yar allura a ciki da ke auna haske, ta mutu, ko an sa sabon batir ba ta motsi. Wannan ne ya sauko da kuɗinta zuwa inda hannuna zai kai. Duk da haka na tambaye shi ko akwai garanti, in ta lalace.

Ya ce, "In ta lalace ta lalace. Ni da na auri uwar 'ya'yana wa ya ba ni garanti?" Na taya, ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya ce albarka, na ci gaba da juya ta. Can ya ce, "Na sallama. Ba don kuɗinka sun kai ba, don in huta."

Da na kai wa Malam Ilu, ya danna ta a kunnensa yana saurare, kamar mai duba kankana. Ya ce lafiyarta ƙalau, mutuwar allurar ma gata ce, don dole in koyi karanta haske da idona. Yakan fitar da mu tsakar rana, ya ce kowa ya miƙa hannu ya dubi inuwarsa a ƙasa. In inuwar ta fito da kaifi, a tsuke idon kyamara. In ta yi laushi, a buɗe kaɗan. In babu ita, a buɗe sosai, a riƙe numfashi kafin a danna. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ɗauka, kuma babu gogewa. Baƙi da fari mu muke wankewa a ɗakin duhu, ɗakin da ko taga babu, a zafin bazara, muna jiƙa kwalaben maganin wankin a randa don kada su yi ɗumi su dafa fim. Mai kala kuwa sai an ba direba ya kai Kano.

Aikin da ya fi yawa a hannun ɗalibai shi ne hoton fasfo, musamman lokacin da maniyyata ke shirin tafiya. Na tuna wani dattijo makiyayi daga wajen Mashi da ya ƙi cire malafarsa, ya ce da ita za a gane shi a can. Da kyar ya cire, sai kuma duk lokacin da na kai yatsa ya rufe ido ya fara salati. Malam Ilu ne ya zo ya tsaya a bayana, ya tambaye shi yadda damina ta bar musu kiwo. Dattijon ya buɗe ido zai ba da amsa, Malam ya zungure ni da gwiwar hannu, na danna. Irin wannan ba a rubuta shi a jikin kyamara ba.

Shekarar da muka kusa gama aji ita ce shekarar da masu hoto suka sha wuya. Malamai da dattawan unguwanni suka tsaya a kan cewa namiji ya daina shiga taron mata a gidan biki. Ban ce ba daidai ba ne, ni ma ba zan so wani ƙato yana zagaya tsakar gidanmu ba. Sai dai abincin mai hoto a wajen mata yake. Maza hoto ɗaya suke tsayawa bayan ɗaurin aure, su murtuke fuska, su watse. Mata ne masu canza kaya, masu cewa a ɗauke ni da ƙawata, a sake ɗaukata ni kaɗai. Wasu masu hoton suka koma acaba, ɗalibai suka fara zamewa, Malam Ilu yakan wuni yana goge gilashin da babu ƙura a kansa.

A wannan halin wani Alhaji Mamman, dillalin shanu daga Baure, ya shigo shagon. Ɗiyarsa Hauwa'u ta gama makarantar ungozoma, za ta auri wani ma'aikacin asibiti da suka daidaita. Yana son hotunan wunin mata, masu kala, manya, irin na ratayewa a bango, amma namiji ba zai wuce zaure ba. Malam Ilu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina.

"Digiri, kai ne mai yawan tunani. Wannan ce jarrabawarka. In hotuna sun fito, kujerar can taka ce. In ba su fito ba, zan kwatanta wa Alhaji gidanku."

Dabara ɗaya ce ta zo mini, in saita kyamara a waje in ba mace ta shiga da ita. Macen da za ta iya tsawata wa taron mata a garin da ba nata ba kuwa, a danginmu Gwaggo Habi ce kawai, ƙanwar mahaifina, wadda ba a kai amarya a unguwarmu ba da ita ba. Ta yarda nan take. Ta koyi riƙo, ta koyi ja da dannawa, ta koyi sa mutum a tsakiya ba tare da ta yanke masa kai ba. Inda muka maƙale shi ne zoben nan. Gwaggo ta daɗe da daina zura zare a allura, amma ba ta yarda idonta ya ragu ba.

Na saita ya fito daidai, na ce, "Gwaggo, ya kike gani?"

"Tas."

Na murɗa har komai ya zama hazo. "Yanzu fa?"

"Tas, ɗan nan. Ai na gaya maka."

Sai na sayo igiyar rama, irin wadda ake ɗaure tumaki da ita. Na saita zoben a kan mita biyu, na naɗe shi da salatif yadda ba zai juya ba, na auna igiyar daidai wannan nisan, na ɗaura bakinta ɗaya a ƙasan kyamara. Muka yi ta gwaji ba fim. Ni nake tsayawa, in ja igiyar har ta miƙe ta taɓa hancina, in sake ta, Gwaggo ta danna. Kuma saboda ina tsoron kuskure, na yi ta nanata mata, ina jin har ya wuce kima.

"Hanci, Gwaggo. Ba ƙirji ba, ba kafaɗa ba. Igiya ta miƙe ta taɓa hanci. In aka matsa ko kaɗan ne, hoto ya ɓaci, kuma biki ba a sake shi."

Ta ce, "Na ji tun jiya. Kai ko uwarka ba ta kai ka mita ba."

Ranar wuni na duba inuwar hannuna a ƙofar gidan Alhaji Mamman, na saita haske don inuwar darbejiyar da aka ce mini tana tsakar gida, na miƙa wa Gwaggo kyamara, na zauna a zaure cikin dillalai suna zancen farashin bijimai. Daga ciki ina jiyo guɗa, ina jiyo muryar Gwaggo sama da ta kowa. "Riƙe! Ke mai koren gyale, na ce kar ki motsa!" Sai dariya ta tashi, irin wadda mata ke yi har da tafi. Na ɗauka nishaɗin biki ne. In fim ya ƙare, wata tsohuwa mai suna Iya Ladi ta fito mini da kyamarar, in canza, ta mayar. Duk fitowarta tana share hawaye da bakin zane. Na tambaye ta ko lafiya, ta ce, "Lafiya lau, Malam. Matar nan taku ba ta wasa da aiki."

Da direba ya dawo da hotunan daga Kano, a gaban Malam Ilu na buɗe. Na farko amarya ce, ta sha lalle, ta sha gwal, kwallin idonta ya fito kamar ka taɓa. Ta sa yatsu biyu ta riƙe bakin igiya a kan hancinta, igiyar ta miƙo tun daga can har ƙasan hoton, wajen mai kallo. Na biyu uwar amarya ce, da igiya a hanci. Ƙawaye, gwaggwanni, dangin ango, kowace da igiya a hanci. Hajiya Babba, mahaifiyar Alhaji, tsohuwar da aka ce ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba sai ranar, tana zaune a kan darduma da carbi a hannu ɗaya, igiya a ɗayan. A hoton taro kuwa ta tsakiya ce ke riƙe da ita, na gefe sun dafa juna suna neman faɗuwa.

Malam Ilu ya cire tabarau, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ɗaga hoton amarya a haske. "Amma fa haske ya zauna. Dubi igiyar, nan kusa dishi-dishi, tana isa hanci ta fito zare-zare. Da ƙirji ka ce musu, da mun yanke ƙasan mun huta. Hanci kuwa ba ya yankuwa."

Na je na sami Gwaggo tana tsintar shinkafa. Na ce, "Gwaggo, ai in an auna sakin igiyar ake yi."

"Yaushe ka faɗa?"

Na tsaya ina tunani. Ban taɓa faɗa ba. Ni nake sakinta da hannuna a wajen gwaji, ban zaci abu ne da ake faɗa da baki ba.

Ta ce, "Na ga kana saki, na ce kai namiji ne, kana tsayawa inda aka ajiye ka. Ka san matan Baure? Kana sakin igiya wannan ta juya gyaran ɗankwali, waccan ta tafi ɗauko goyo. Kai ka ce in an matsa ya ɓaci. To, akwai wadda ta matsa?"

Babu wadda ta matsa.

Malam Ilu ya ce aikin da ka karɓa kai kake kai shi, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Na hau mota zuwa Baure. Na tarar da Alhaji Mamman a ƙofar gida kan tabarma da abokan sana'arsa. Na gaisa, na yi dogon bayani a kan nisa da zobe da idon Gwaggo, wanda ina jin babu wanda ya fahimta, sannan na miƙa. Hotuna suka fara zagaya hannu. Wani ya kai ɗaya kusa da ido ya ce, "Rama ce. Ba za ta riƙe maraƙi ba." Wani tsoho, Jauro, wanda sa'an Hajiya Babba ne kuma suna wasa da ita, ya daɗe yana duban nata, ya ce, "Wannan ta kwana biyu, amma ƙashinta mai kyau ne. A taya."

Kowa ya kwashe da dariya ban da Alhaji. Ya tattara hotunan a hankali, ya dube ni.

"Malam, shekara da shekaru ina sa wa shanu igiya a hanci. Ban taɓa zaton zan ɗauko mutum tun daga Daura ya sa wa uwata ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gaskiya, ta wani ɓangaren, ba a cikin hancin take ba, a kai take."

"Ka kwashe su ka ƙona. Kuma ka gaya wa malaminka ina zuwa."

Ban kai ga karɓa ba Iya Ladi ta leƙo daga zaure, ta ce uwar amarya ta ji mai hoto ya zo, a ba su su gani. Alhaji ya ce babu abin gani. Ta ce Hajiya Babba ce ta aiko. Sai ya miƙa mata.

Abin da ya biyo baya sai da ya sa maƙwabta suka leƙo. Ihu, guɗa, gudu, wata tana rantsuwa sai an ba ta nata. Da Iya Ladi ta dawo, hannunta babu komai. Ta durƙusa gefe ta yi bayani. Babu wadda ta ɗauki hoton kanta. Kowace ta wawuri na taubashiyarta ta soke a zane, don ta samu abin tsokana har tsufa. Hajiya Babba ta riƙe na amarya, an kuma aika wa amarya da na Hajiya Babba can gidan mijinta.

Alhaji ya ce, "To, na bango fa? Wannan zan rataya baƙi su gani?"

"Shi ne suka ce in gaya maka, Alhaji. Ankon yana nan, ko wanki bai sha ba. Mai lalle tana gari. Juma'a mai zuwa za a sake zama, amarya ma za ta zo. Sai dai ba a tara mutane da yunwa, suka ce a samo rago." Ta juyo wajena. "Kuma matar nan za a turo, ba wata ba."

Alhaji ya harare ni. Jauro ya ce, "Akwai wani rago a wajena, har da igiyarsa."

Zama na biyu ya yi kyau. Na roƙi Iya Ladi ta tsaya kusa da duk wadda za a ɗauka, in an auna ta fizge igiyar, kuma wannan karon na faɗa da baki, a gaban shaidu. Hotuna suka fito tas, aka yi manya aka sa a gilashi. Alhaji bai zo wajen Malam Ilu ba, sai dai ya aiko da cinyar rago, ba tare da wani saƙo ba.

Ranar da Malam ya ce in zo in karɓi kujera, Gwaggo ta ce za ta raka ni. Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai, ya nuna kujerar da ke bayan kanta. "Bismillah, Digiri." Kafin in zagaya, Gwaggo ta riga ni, ta zauna tana fifita da bakin mayafi.

Ta ce, "Malam Ilu, ina wuni. Ba daɗewa zan yi ba, hutawa nake. Dangin ango sun kai labarina Zango, akwai wuni yau, jibi kuma suna a Sandamu." Ta miƙe, ta kakkaɓe kujerar, ta nuna mini. "Zauna, ɗan nan, ka tsare shago. Sa mini fim a kyamarata, ka duba inuwar nan taka, rana tana yi."

Na ce, "Gwaggo, ai ni na saye ta."

Ta ce, "Na sani. Allah ya yi maka albarka."

Na sa mata fim. Ta naɗe igiyar a hannu, ta rataya kyamara a wuya, ta ja mayafi ta rufe ta, ta fita neman motar Zango.